Bunsuru da Taure: Yadda Homon Ke Aiki a Jiki da Zamantakewa

Duk wanda ya taɓa ratsa kara ranar kasuwar Shuwarin, ko ya je Maigatari ranar Alhamis, ba sai an nuna masa bunsuru an nuna masa taure ba. Hanci ne zai fara gaya masa. Bunsuru ga wari, ga kaurin wuya, ga gemu sharkaf da fitsarin da yake fesa wa kansa. In ya shinshina akuya sai ya ɗaga kai sama ya naɗe leɓe. In ya hango wani bunsurun sai ya ja da baya, ya miƙe kan ƙafa biyu, sai karo. Taure kuwa yana gefe yana tuƙa, ya yi ɓul-ɓul, ba ruwansa da kowa. Mai yiwuwa uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya, kwano ɗaya suke cin dusa. Abin da ya raba su aiki ne na 'yan mintoci da aka yi wa ɗayan tun yana ƙarami: an dandaƙe shi.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin zuwan boko. Sun san naman taure ba ya wari, sun san bijimin da aka yi wa fiɗiya ya fi sauƙin horo a ƙarƙashin karkiya. Abin da ba su da hanyar gani shi ne yadda maraina, da ke can tsakanin cinyoyi, ke da hannu a halin da ke fitowa daga ka.

Zakarun Berthold

A shekarar 1848 wani likita a garin Gottingen na ƙasar Jamus, Arnold Berthold, ya samo 'yan zakaru shida da ba su kai cara ba. Matan da ke gyaran kaza sun san 'ya'yan marainan zakara ba a waje suke ba. In an yanka shi ana gyarawa za a gan su can ciki, manne da ƙashin baya, farare guda biyu. Berthold ya cire wa zakaru biyu nasu ya bar su haka. Suka girma ba cara, ba faɗa, ba bin kaji, zankonsu ƙarami kuma koɗaɗɗe. Wasu biyun kuma da ya cire musu, sai ya yi musu musaya: ya ɗauki ɗan maraina ɗaya na wannan ya cusa a cikin wancan, na wancan a cikin wannan, tsakanin hanji, inda ba nan ne mazauninsu ba. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru, suna cara, suna faɗa, suna bin kaji.

Bayan watanni da ya feɗe su, ya tarar ɗan marainan ya kama, hanyoyin jini sun tsiro sun shige shi, amma babu jijiyar saƙo ko ɗaya da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ke nan ta cikin jini saƙon ke bi. Sai a 1935 aka tace sinadarin daga marainan bijimai a Amsterdam, aka sa masa suna testosteron.

Irin wannan sinadari shi ake kira homon: abin da wata gaɓa ke haɗawa ta zuba a jini, jini ya zagaya da shi, ya je ya canza aikin wata gaɓa da ke nesa. Masu haɗa shi 'yan ƙanana ne. Akwai fituwitari a gindin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, amma shi ke ba da yawa daga cikin sauran umarni, shi kuma yana karɓar nasa umarnin daga wani sashen ƙwaƙwalwa da ke samansa, haifotalamus. Akwai tayirod a gaban wuya, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo idan abinci ya rasa aidin, dalilin da ya sa ake zuba aidin a gishirin leda ke nan. Akwai adirenal, ɗaya a kan kowace ƙoda. Akwai fankiriyas mai haɗa insulin, wanda masu ciwon sukari suka sani sarai. Sai maraina ga namiji, da ma'ajiyar ƙwai ga mace.

Duk dabbar da ke da ƙashin baya, daga kifi da kwaɗo da ƙadangare zuwa tsuntsu da akuya da mutum, kusan homon iri ɗaya take amfani da su. Tun daga 1922 har tsawon gomman shekaru, insulin ɗin da aka riƙa yi wa masu ciwon sukari allurarsa daga jikin dabbobi ake tatso shi, kuma yana aiki. Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa kuwa yana yi wa macen allurar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, bayan awa 10 zuwa 12 gwargwadon ɗumin ruwa ya matse cikinta ƙwai ya zubo. An ƙera maganin ne bisa homon na kifin salmon, wanda bai taɓa ganin kogin Haɗejiya ba. Wanda ba shi da kuɗin kwalba yakan fasa kan wata tarwaɗar, ya zaƙulo fituwitarinta, ya niƙa a ruwan gishiri ya yi allurar da shi.

A bakin ƙwaya

Jikin babban mutum ginin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwayar jiki tana lulluɓe da tantani mai maiƙo, a tsakiyar mafi yawan ire-irensu kuma akwai cibiya inda kundin gado yake, wanda ake kira DNA. Jini yana kai homon ga dukkansu ba tare da zaɓe ba. To me ya sa testosteron ke fito da gemu a haɓa amma ba ya fito da shi a tafin hannu?

Shirin gidan rediyon Jigawa yana ratsa kowane ɗaki a Dutse, daga Garu har Takur, amma ba ya sauka sai a gidan da ke da akwatin rediyo, kuma aka murɗa shi daidai zangon. Haka homon yake. Ba ya aiki sai a ƙwayar da ke da makarɓinsa, wato wani ɗan furotin da siffarsa ta dace da ta homon ɗin ya maƙale masa. Ƙwayar da ba ta da makarɓi, ko kogin homon ya wuce ta kanta ba ta san an yi ba. Wadda ke da makarɓai da yawa kuwa, ɗan kaɗan ya ishe ta. Ku riƙe wannan da kyau, domin mutane sukan ɗauka yawan homon a jini shi ne komai, alhali rabin labarin yana wajen mai karɓa.

Hanyoyin shiga biyu ne. Homon irin su adirenalin da insulin da oksitosin da furolaktin masu narkewa ne a ruwa, ba sa iya ratsa maiƙon tantani. A waje suke tsayawa, su kama makarɓin da ke jikin tantanin. Da zarar sun kama, makarɓin ya sauya siffa, ɓangarensa na ciki ya tayar da wani sinadari na biyu, shi kuma ya tayar da ɗaruruwa, ɗaruruwan su tayar da dubbai. Earl Sutherland na Amurka ne ya gano wannan ɗan aike na biyu, aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Saboda wannan ninkin ne ɗigon adirenalin ke aiki cikin daƙiƙoƙi. Ka taka wani abu mai santsi a duhu a bayan rumbu: kafin ka tantance maciji ne ko igiya, gabanka na dukan uku-uku, hanta ta riga ta juye sukari a jini, ƙafafu sun shirya gudu.

Kashi na biyu daga kolestarol, wani nau'in kitse, jiki ke ƙera su: testosteron, estirojin, furojestaron da kotisol. Su maiƙo ne, saboda haka suna ratsa tantani kai tsaye. A ciki suke haɗuwa da makarɓinsu, su biyun su shiga cibiya su zauna a kan kundin gado, su buɗe wani shafi su rufe wani. Ƙwayar ta fara ƙera furotin ɗin da da ba ta ƙerawa. Wannan aiki ne na awoyi da kwanaki, amma yana daɗewa: wuya ya yi kauri, murya ta buɗe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su tsiro da sababbin rassa. Wani abin mamaki, a wasu sassan ƙwaƙwalwar namiji sai an fara juya testosteron ya koma estirojin, wanda ake cewa homon na mata, kafin ya yi aikinsa. Maza na da na mata, mata na da na maza, bambancin na yawa ne da lokaci.

Jiki kuma yana da hanyar cewa ya isa. Idan testosteron ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa na ji, sai ta rage umarnin da take aika wa maraina. Shi ya sa saurayin da ke yin allurar testosteron don ƙwanji, marainansa ke motsewa, ƙwayoyin haihuwarsa su ragu. Haka abin yake ga masu shan deksametason don ƙiba, cikin haɗin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, da masu shafa mayukan bilicin masu irin wannan sinadari. Maganin ɗan'uwan kotisol ne. In an daɗe ana sha, adirenal sai ya daina haɗa nasa, kuma ranar da aka yanke shan farat ɗaya jiki na iya rasa kotisol gaba ɗaya, abin ya kai ga halaka. Wanda ya riga ya shiga, likita ne zai sauko da shi sannu a hankali.

Tunkiya, saniya da kaza

Tunkiyar da ba ta haihu ba ba ta son ɗan tunkiya. In ya matso neman nono tunkuyi zai sha. Amma ku dube ta minti biyar bayan haihuwa: tana lasarsa, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa da ba ta yin sa sai a wannan lokaci, tana gyara tsayuwa ya kama nono. Cikin 'yan awoyi ta haddace warinsa, daga nan ɗan wata in ya zo sai duka.

Keith Kendrick da Barry Keverne sun bi diddigin wannan a kusa da Kambirij ta Ingila a shekarun 1980. Cikin watanni biyar na ciki, furojestaron da estirojin suna shirya ƙwaƙwalwa, suna ƙara yawan makarɓan oksitosin. Lokacin da ɗan ke ratso hanyar haihuwa, miƙewar wurin na aika saƙo sama, sai oksitosin ya kwararo, wani a jini, wani a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Da suka zuba oksitosin a ƙwaƙwalwar tunkiyar da ba ta da ciki, amma an riga an ba ta estirojin, nan take ta fara lasar ɗan da ba nata ba. Ba tare da estirojin ba abin bai yi tasiri sosai ba, don makarɓan ba su wadata ba. Makiyaya a ƙasashe da dama sun daɗe da gane cewa ƙofar nan a buɗe take na ɗan lokaci kawai. In za a liƙa wa tunkiya maraya, sai a shafe shi da ruwan haihuwarta, a miƙa mata tun tana kan lasar nata.

A ruga kuwa, mai tatsa ba ta taɓa hantsar saniya sai an saki maraƙi ya fara tsotsa. Ya ɗan tunkuɗa, ya tsotsa, sai a janye shi a ɗaure kusa da ƙafar uwar, sannan a kafa ƙwarya. Tsotson, da ganin maraƙin da warinsa, su ke sa fituwitari ya saki oksitosin, shi kuma ya matse 'yan jakunkunan da nonon ke ciki ya gangaro. Aikinsa na 'yan mintoci ne, shi ya sa mai tatsa ba ta tsayawa hira. In kare ya yi haushi ko baƙo ya firgita saniyar, adirenalin ya tsuke hanyoyin jinin hantsa, sai a ce ta ɗauke nono. Ba rowa ba ce. Irin haka na faruwa ga mai jego da ke cikin fargaba ko ɓacin rai, kuma sau da yawa abin da take bukata kwanciyar hankali ne da yawaita sa jariri a nono, ba gori ba.

Oksitosin ɗin nan shi ne allurar da ungozomar asibiti ke yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Tun 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma ya ceci mata ba adadi. Amma a firji ake ajiye shi, zafi na kashe ƙarfinsa. Kuma yin sa a gida don a hanzarta naƙuda, ba tare da ma'aikaciyar da ta san aikin ba, na iya fasa mahaifa.

Kaza mai kwanci kuma aikin furolaktin ce. Ta daina ƙwai, gashin ƙirjinta ya zube don fata ta taɓa ƙwan, kazar da kullum ke gudun mutum yanzu ta kumbura tana saran hannu. Taɓa ƙwan da ƙirji shi ke riƙe furolaktin ɗin a sama, ita kuwa ba ta tambayar ƙwan wa. Shi ya sa ake zuba mata ƙwan zabi, ta zarce kwana 21 nata ta kai 26 zuwa 28, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da 'yan zabi tana kare su daga shaho. A wajen tattabara, uwa da uba duka furolaktinsu ke hawa, su yi karɓa-karɓar kwanci, kuma dukkansu maƙoƙonsu ke fitar da wani farin abu mai kauri da suke ɗura wa 'ya'yan.

Daga waje zuwa ciki

Zuwa nan za a iya ɗauka homon ne ke tuƙi, dabba na bi. Ba haka kawai ba ne, kuma kurciya ce ta fi bayyana wannan. Daniel Lehrman na jami'ar Rutgers a Amurka ya shafe shekarun 1950 da 1960 yana nazarin wata kurciyar gida mai baƙin zobe a wuya, wadda asalin kakanninta kurciyar Sahel ce, irin wadda ake samu a arewacin ƙasar nan. Macen in tana ita kaɗai a keji ba ta shirin ƙwai. In aka ajiye namiji a bayan gilashi, ba ya ko taɓa ta, yana dai rusunawa yana kuka, cikin mako guda ma'ajiyar ƙwanta ta kumbura. In namijin dandaƙaƙƙe ne, ba ya rusunawa, tasirin sai ya yi rauni ƙwarai. Testosteron ɗinsa ya sa shi rawa, rawarsa ta shiga idonta da kunnenta, ƙwaƙwalwarta ta tayar da estirojin, ta fara haɗa sheƙa. Daga baya Mei-Fang Cheng ta nuna cewa kukan da macen ke mayarwa, jin sa da kunnenta, shi ma yana nunar da ƙwan.

Masu kiwon awaki na iya cin moriyar wannan. In aka raba awaki da bunsuru na wasu makonni, sannan aka sake shi cikinsu, da yawansu kan nemi barbara kusan lokaci ɗaya, haihuwarsu ta zo a jere. Saƙon wani sinadari ne da jikin bunsurun ke fitarwa, ya shiga ta hancin akuya. A 2014 masu bincike a jami'ar Tokyo suka ware sinadarin daga fatar kan bunsuru, suka nuna yana tayar da sashen ƙwaƙwalwar akuya da ke ba fituwitari umarni.

Garin da sunansa Dutse ba ya rasa ƙadangaru. Ku lura da jan gwada da hantsi: shi ne a kan dutse mafi tsawo ko saman katanga, kai ja, jiki shuɗi mai duhu, yana gyaɗa kai yana dannawa da ƙafafun gaba. Ƙasa da shi akwai mata da 'yan ƙanana, akwai kuma wasu maza masu launin ƙasa da za ka rantse mata ne. V. A. Harris, wanda ya yi nazarinsu a Ibadan ya fitar da littafi a 1964, ya bayyana yadda namiji ɗaya ke riƙe da fili da iyalinsa, da yadda launin ke dusashewa da dare ko in an ci shi da faɗa. A ƙadangarun da aka yi gwaji a kansu a wasu ƙasashe, fiɗiya na rage gyaɗa kan da tsaron fili, testosteron na dawo da su.

A kifi an ga abin ƙarara. Russell Fernald na jami'ar Stanford ya yi aiki kan wani ɗan'uwan karfasa na tafkin Tanganyika. A ɗauke shugaban da dare, da gari ya waye cikin mintoci wani koɗaɗɗen namiji ya rine, ya fara korar saura. Halin ne ya fara canzawa. Daga baya homon ya hau, cikin kwanaki ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke ba fituwitari umarni suka ƙara girma, marainansa suka cika. A 2001 Rui Oliveira na Fotugal ya nuna cewa karfasar da ke kallon faɗan wasu biyu ta bayan gilashi, ita ma homon ɗinta na maza yana hawa. John Wingfield, da ya auna tsuntsaye iri-iri, ya tsara bayanin a 1990: testosteron ba a sama yake zaune ba kullum, yana tashi ne in an ƙalubalanci namiji, ya sauka in lokacin ciyar da 'ya'ya ya zo, domin zama da shi a sama na da tsada ga jiki.

Matsayi ma na taɓa kotisol, homon ɗin wahala. Robert Sapolsky ya fara auna gwaggon biri a Kenya a 1978, irin waɗanda ke Yankari, ya ga na ƙasa, masu shan cizo da kora, kotisol ɗinsu ya fi yawa. Amma wani nazari kan gwaggon birin Amboseli ta Kenya da ya fito a 2011 ya nuna shugaban garken shi ma nasa a sama yake, wanda ke bi masa ne ke cikin sauƙi.

Sai batun makarɓi, da wasu ɓerayen daji na Amurka suka fito da shi fili. Iri ɗaya namiji da mace kan zauna tare su yi reno, wani irin kuma da an yi barbara kowa ya kama gabansa. Homon ɗinsu ɗaya ne, oksitosin da ɗan'uwansa basofuresin. Thomas Insel ya nuna a 1992 cewa bambancin na wurin da makarɓan suke ne a ƙwaƙwalwa. A 2004 ɗakin gwajin Larry Young ya ƙara wa mazan iri mai yawo makarɓan basofuresin a sashen jin daɗi, sai ga su suna maƙale wa mace ɗaya. Jaridu suka yi ta kiran oksitosin homon na soyayya. An yi gaggawa: a 2023 aka samar da ɓerayen da ba su da makarɓin oksitosin sam, kuma suka yi zaman aurensu suka yi reno.

Lokaci

Saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa. Kusan tara cikin goma na irin wannan maraƙar ba ta haihuwa, takan kuma tashi da ƙirar maza. Frank Lillie na Chicago ya bayyana dalilin a 1916: a cikin mahaifar saniya hanyoyin jinin tagwayen kan haɗe, homon ɗin namijin ya shiga jikin macen tun gaɓoɓinta ba su gama tsaruwa ba. Makiyayi ya san da wannan kafin ya ɓata shekaru yana jiran ta ɗauki ciki. A kula, wannan na shanu ne. Ba ya faruwa ga 'yan Adam, kada wani ya ɗora wa Hassanar da aka haifa tare da Hassan abin da ba nata ba.

Ke nan homon na aiki sau biyu. Tun a ciki ko a farkon rayuwa yana tsara gini, abin da ya tsara kuma ya zauna. Bayan balaga sai ya riƙa kunna abin da aka gina yana kashewa. Ga kuma koyo: bijimin da aka dandaƙe bayan ya riga ya san barbara da faɗa yakan ci gaba da hawan shanu da tunkuyi na wani lokaci, ko da yake testosteron ɗin ya tafi.

Mu fa?

A Cebu ta ƙasar Filifin an bi samari 624 na tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon ya fito a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu testosteron ɗinsu ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma masu ɗaukar awoyi suna hidimar jariri nasu ya fi sauka. A Tanzaniya an kwatanta al'ummu biyu maƙwabta: iyaye maza na Hadza, masu yini kusa da 'ya'yansu, nasu ya yi ƙasa da na marasa 'ya'ya, na makiyayan Datoga kuwa, inda reno aikin mata ne, babu bambanci. Al'ada ta shiga jini.

Ranar wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994 an auna yawun 'yan kallo a Amurka. Magoya bayan Brazil, da suka ci, testosteron ɗinsu ya hau, na magoya bayan Italiya ya sauka. Mutanen da aka auna ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gidan kallon ƙwallo a Dutse lokacin da aka tashi ya ga yadda tafiyar ɓangarorin biyu ke bambanta.

Gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne a Zurich, aka wallafa a 2010. An ba wasu mata testosteron, wasu aka ba su abin da ba magani ba, ba wadda ta san me ta sha, sannan aka sa su rabon kuɗi da wani. Waɗanda suka sha testosteron na gaske sun fi yin rabon adalci. Waɗanda suka yi zaton shi suka sha, ko da ba shi ba ne, su suka fi ƙwara. Masu binciken sun fassara shi da cewa homon ɗin neman girma yake ƙarawa, ba mugunta ba. Inda ake samun girma da faɗa zai tura ga faɗa, inda ake samun sa da kyauta zai tura ga kyauta. Saboda haka mai dukan matarsa ya ce jininsa ne ke da zafi, ilimin nan bai ba shi mafaka ba. Homon na ƙara wa abu sauƙin faruwa ne, ba ya ɗaga hannun kowa. A ɗaya gefen kuma, mai jegon da ta shiga baƙin ciki da kuka bayan haihuwa, lokacin da estirojin da furojestaron suka faɗi warwas cikin 'yan kwanaki, ba shagwaɓa take yi ba. In abin ya wuce mako biyu, ko ta fara ƙin jaririn, a kai ta asibiti.

Aikin mako

Kowa ya zaɓi katanga ko dutse ɗaya da ƙadangaru ke taruwa kusa da gidansa. A duba da sassafe, da hantsi, da la'asar. A rubuta launin kan babban namijin a kowane lokaci, inda yake zaune, da abin da yake yi in wani namiji ya matso. Wadda ke da kaza mai kwanci na iya yin nata a kanta: sau nawa take tashi a yini, wa take bari ya matso, kuma yaushe ta koma ƙwai bayan ƙyanƙyasa.

A zama na gaba za mu tattauna waɗannan:

1. Da Berthold ya tarar jijiyar saƙo ta haɗe da marainan da ya dasa, me zai hana shi cewa ta jini saƙon ke bi?
2. Me ya sa adirenalin ke aiki cikin daƙiƙoƙi, testosteron kuwa sai an kwana?
3. Saniya maraƙinta ya mutu, ta ɗauke nono. Ku tambayi makiyayin da kuka sani dabarar da suke yi, ku zo mu duba ta wace hanya take kaiwa ga oksitosin.